Irin Sanyin da Na Kai wa Ƙanina

Shekarata sama da talatin a Riyad, kuma duk a unguwar Gubaira na yi su. Yanzu ina zaune wajen 'yata a saman wani gareji, ƙarar guduma daga safe har la'asar. Maigidana ya rasu, yana maƙabartar Al-Oud. Karatu sai da na haura sittin na koya, don haka yadda nake magana haka zan rubuta.

Maganar a kan ƙanina ce. Sunansa ya ɓaci a garinmu kafin ya mutu, kuma ni na ɓata shi. Da hatsi kwano biyar na yi.

A lokacin maigidana yana tuƙa tarakta a wata gona kudu da Riyad, wajen Kharaj. Mai gonar shi ne kafil ɗinmu, wato wanda iƙamarmu, takardar izinin zama, ke hannunsa. Idan sanyi ya shigo aka fara shuka, sai a kwashe ni ni ma a kai ni can in riƙa yi wa ma'aikata girki, ba na dawowa Gubaira sai an yi girbi. Gonar ba irin tamu ba ce. Zagaye take kamar faifai, ga wani dogon ƙarfe mai tayoyi yana juyawa a hankali yana yayyafi, wuni guda bai gama zagaye ɗaya ba. Ka taka ƙafa goma daga bakin koren, ka shiga rairayin da ko tsiro babu.

Alkama ce yawancinta. Amma a gefe ɗaya akwai wani muhandis, wato injiniyan gona, ɗan Sudan, dogo, mai tari, da ya yanka ƙananan filaye ya kafa musu turaku da alluna. A nan yake gwada wani hatsi da suke kira tiritikal. Maigidana ya ce haɗi ne, an aurar da alkama da wani hatsin ƙasashen sanyi, shi ne suka haifi wannan. Ya fi alkama tsawo, zangarniyarsa ta fi tata tsayi da gashi. Iri-iri ne a wajen, kowane fili da nasa, ni dai duk ɗaya nake ganinsu.

Shekarar da nake magana an yi sanyin da ban taɓa ji ba. Da asuba ruwan bokiti yakan yi ɓawo a sama, sai na fasa da ludayi. Duk sauran filayen muhandis sun tashi sun yi tsawo, amma ɗaya na can ƙarshe ya kwanta a ƙasa kamar ciyawar da aka taka, wata biyu bai ɗaga ba. Har dariya nake masa in na zo wucewa da tiren shayi. Da rana ta fara zafi kuwa, sai ya miƙe gaba ɗaya, ya wuce kowa. Kai ya fitar kamar hannun jariri. Da ya nuna, iska in ta kaɗa sai ka ji yana wani sauti mai nauyi.

To ni 'yar manoma ce. A ƙasar Kura aka haife ni, inda ake noman rani da ruwan kanal. Mu a gida, kafin a sa lauje, uwar gida ko tsohon gida yakan shiga gona ya zaɓi kawunan da suka fi kowane cika, a ɗaure su daban, a rataye. Shi ne irin baɗi. In ka ga gonar maƙwabci ta yi kyau, ka karyi 'yan kawuna, ba a kiran wannan sata. Kuma ba a tambayar iri tarihinsa. Ido ya gani, haƙori ya gwada, shi ke nan. Haka innarmu ta koya mini, kuma bai taɓa ba ta kunya ba.

Da muhandis ya gama awonsa ya yanki abin da zai yanka daga tsakiya, aka bar gefe-gefen ga motar girbi. Na riƙa shiga da la'asar da zani a kafaɗa ina karya.

Maigidana ya same ni ina murzawa a bayan kicin.

"Ke kuma fa? Tuwon me za a yi mana da wannan?"

"Ba naka ba ne. Iri ne, na ƙanina."

"Ki bari in tambayi muhandis tukuna. Kin ga kowane fili da allonsa, akwai abin da suka rubuta."

Na ce, "Malam, kai da ka bar fartanya ka hau mota, kai za ka koya mini iri? Ungo, ciza ka ji."

Ya ciza, ya ce, "Ƙarfi dai akwai."

"To. Mutumin da tari ya hana shi miƙewa, shi zai gaya mini abin da haƙorina ya riga ya gaya mini?"

Ya yi dariya ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, sarkin noma." Bai tambaya ba. Na sheƙe, na auna, kwano biyar cif. Na ɗinke a buhun shinkafa.

Bayan damina na je gida, zuwana na farko tun da na fito. Sai kun san yadda ake kallon mai dawowa daga nan. Su a wajensu ƙasar nan duk Makka ce. Ba wanda ya san Riyad, ba wanda ya san tafiyar da ke tsakaninta da Harami ta fi ta Kano zuwa Maiduguri. Na kai dabino, na kai zamzam, na kai carbi, mata suna shafa mayafina suna shafawa a fuska. Ni da nake wanke tukwanen mutum ashirin kullum, aka shimfiɗa mini darduma a tsakar gida.

Ƙanina shi ke bi na, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutum ne mai sanyin magana, in yana dariya yakan rufe baki da hannu. Shi ke raba ruwan kanal a ɓangarenmu, wane yau, wane gobe, don kowa ya yarda ba zai karkata ba. In liman ya yi tafiya shi ke jan salla. Gonarsa ta rani ƙarama ce, amma a bakin ruwa take, duk mai zuwa gona sai ya bi ta gefenta.

A zaure na buɗe buhun, gaban dattawa. Suka riƙa ɗiba suna dubawa a tafin hannu. Liman na lokacin ya juya ƙwayar ya ce, "Hajiya, wannan alkamar daga wane wuri?"

Na buɗe baki na ce, "Daga gonakin Madina."

Ba wanda ya matsa mini. Ban shirya ba tun daga hanya. In ce daga bayan kicin ɗin wani Balarabe na tsinto, a inda nake aikatau, shi ne bakina ya ƙi. Zauren ya ɗauki salati. Wani tsoho ya sa ƙwaya uku a aljihu. Ƙanina ya rufe bakinsa da hannu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Yaya, a kanki kika ɗauko mini wannan tun daga can?"

Na ce, "To wa nake da shi?"

Ya ce bana ba zai shuka alkama ko fangali ɗaya ba, gonar duka ta wannan ce. In ya yi, baɗi kowa a garin zai samu iri. Na dawo Riyad kafin su shuka.

A zamanin ba waya a garinmu, kuma daga ni har shi ba mai rubuta wasiƙa. Kaset muke yi. Ka zauna gaban rediyo ka yi maganarka, ka ba mai tafiya. In ya isa, ba a ɗaki ake ji ba. A zaure ake kunnawa, kowa ya taru, har masu wucewa su tsaya.

Kaset na farko ya same ni a gona, tsakiyar sanyi. Muryarsa kamar ta ango. "Yaya, in kin ga gonar nan! Kore shar, har baƙi-baƙi take yi. Kowane gindi ya fitar da 'ya'ya sun fi goma. Bai tashi ba tukuna, a kwance yake, amma ƙasa ba ta ganuwa. Mutane daga ƙauyuka suke zuwa kallo. Mata suna tsinkar ganyen suna jiƙa wa yara, na hana sun ƙi." A bayansa ina jin ana dariya, wani yana cewa a gaida Hajiya.

Na ce wa maigidana, "Ka ji ko? Haka ya yi a nan, ya kwanta sannan ya tashi."

Ya ce, "Na ji, sarkin noma."

Na biyu ya zo lokacin da namu na nan ya riga ya fitar da kai. Babu dariya a bayansa. Ya gaishe ni, ya gaida maigidana, ya lissafa waɗanda suka haihu da waɗanda suka rasu. Sannan ya zo kan gona. Ya ce, "Yaya, alkamar mutane ta yi ciki, ta fitar da kai, wasu har ta fara ja. Nawa yana nan yadda yake. Ganye kawai. Na tsaga gindin da farce in ga ko akwai ciki, babu. Na ƙara taki, na ƙara ruwa. Ko akwai abin da ake yi masa a can wanda ba ki gaya mini ba? Ki tambaya mini."

A ranar maigidana ya kai ni wajen muhandis. Yana zaune a inuwar tankin ruwa yana shan shayi. Maigidana ya yi masa bayani da Larabci, ni ina tsaye ina tsintar abin da zan iya. Ya tambayi daga wane fili na ɗiba. Na nuna na ƙarshen. Ya ajiye kofin.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce wancan shitawi ne, irin sanyi. Sauran in ka shuka su za su yi kai ko da sanyi ko babu. Shi kuwa sai ya sha sanyi mai tsanani sati da sati tun yana ƙarami a kwance, sanyin ne ke buɗe masa hanyar yin kai. In bai samu ba, zai yi ta ganye har zafi ya kashe shi. Ya ce ko a nan Kharaj ba kowace shekara yake yi ba, bara sa'a aka ci, shi ya sa ma ake gwada shi a ƙaramin fili. Ya tambayi maigidana, a garinku ruwa yana daskarewa a bokiti? Maigidana ya ce a'a. Ya buɗe hannuwansa ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Ya kalle ni ya ce, "Ya hajja, me ya sa ba ki tambaya ba? Ga na kusa da shi nan, da shi kika ɗauka da ya yi."

Taku biyar ne tsakanin filayen biyu. Na auna da ƙafata daga baya.

Hatsin ya riga ya tafi, wannan ba abin da zan iya. Amma mutumin da ya kawo kaset ɗin, wani direba ɗan garinmu da ke aiki a unguwar Ulaya nan Riyad, ya gaya mana abin da ƙanina bai faɗa ba. Ya ce magana ta fara yawo. Iri daga Madina, ruwa ɗaya, ƙasa ɗaya da ta kowa, ga kyau kamar me, amma ya ƙi haihuwa a hannun mutum ɗaya. To me mutumin ya yi? Wani ya tuno wata shekara da ruwa bai kai gonarsa ba. Wani ya ce iyakar gonar marayun da ke gefensa kamar ta matsa. Ba wanda ya taɓa faɗin haka a da.

Maigidana ya sayo sabon kaset ya ajiye mini a kan rediyo. Ya ce, "Ki gaya musu yadda muhandis ya ce. Magana uku ce. Ki ce ba daga Madina ba ne, irin sanyi ne, laifinki ne."

Kwana huɗu yana ajiye. Duk lokacin da na kai hannu sai in ga zauren nan, da liman, da tsohon da ya sa ƙwaya uku a aljihu, da matan da suka shafa mayafina. Duk za su zauna su ji Hajiya da bakinta tana cewa ta yi ƙarya da sunan Madina. Ba tsoron kafil ba ne, ba tsoron iƙama ba, kada wani ya nema mini uzuri. Girman kai ne.

Rana ta biyar na danna. Na gaida kowa da kowa, gida-gida. Da na zo kan maganar na ce, "Batun gona kuma, ka yi haƙuri. A can inda na ɗauko shi yana yi sosai, da idona na gani. Abin da Allah ya nufa ke nan, shi ya san dalili."

Maigidana yana bakin ƙofa. Ya ce, "Kin san abin da kika yi yanzu?"

Na ce, "Na yi ƙarya ne? Wace kalma ce ƙarya a ciki?"

Ya ce, "Babu." Ya sa takalminsa ya fita. Daga ranar bai sake kirana sarkin noma ba, har ya mutu.

An kunna shi a zaure. Yayarsa ma ta ce a can yana yi, Allah ya san dalili. Me ya rage, in ba laifin mai gonar ba?

Ƙanina ya ci gaba da ban ruwa har bayan kowa ya yi girbi. Direban ya ce gonakin duk sun zama kara da ƙasa, tasa kaɗai kore a tsakiya, shi kuma yana tsaye a ciki da fartanya yana buɗe fangali. Da zafin bazara ya sauka ganyen ya ƙone daga baki, ya kira Fulani suka sa shanu. Ba a kore shi daga komai ba, mu ba ma yin haka. Kawai da rani ya zagayo sai aka ce wane ne zai raba ruwa bana, don a hutar da shi. Liman ya yi tafiya, aka tayar da iƙama, ya taka zai shiga gaba, sai wani ya riga shi. Ya koma sahu. Daga baya ya koma sahun ƙarshe, kusa da takalma.

Kaset bai daina zuwa ba. Duk shekara yana gaishe ni, yana tambayar ƙafata, yana cewa a shafa masa kan yara. Gona bai sake ambata ba. Na je gida sau biyu bayan nan, ya tare ni a tasha, ya ɗauki jakata. Na zauna da shi a tabarma ɗaya, maganar tana bakina, na haɗiye ta da fura. Ina cewa sai zuwa na gaba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a haka, sannan ciwon ciki na kwana uku ya ɗauke shi. Ina Gubaira ina yanka albasa aka gaya mini.

Tun daga nan ba na son kore mai yawa. In mota ta bi da mu ta gaban manyan gine-ginen Ulaya, inda suke shimfiɗa ciyawa suna ba ta ruwa ba don ta haifi komai ba, sai in ga mutum a tsaye a tsakiya da fartanya. Da rana tsaka, ido biyu. Ba ya kallona. Ruwa kawai yake buɗewa. 'Yata ta ce hawan jini ne, ta kai ni asibiti. Na sha maganin, yana nan.

Matar wani ɗalibi ɗan Nijar da suka zauna a ƙasanmu ita ta koya mini karatu, da farko don Alƙur'ani, daga baya na ce ta haɗa mini da boko. Da hannuna ya fara tsayuwa, abin da na fara rubutawa mai tsawo wasiƙa ce zuwa garinmu. Akwai waya yanzu, da na so da murya zan aika. Amma na san muryata. In ta ji ana saurare sai ta fara gyara magana. Takarda uku na cika, wata guda ina yi. Na faɗi Kharaj, na faɗi kicin da tukwane, na faɗi filin ƙarshe da abin da muhandis ya ce, na faɗi kaset. Na aika wa babban ɗan ƙanina, wanda yanzu shi ma ya yi furfura, na ce a karanta a ƙofar masallaci bayan Juma'a, da ƙarfi.

Ranar Asabar da hantsi ya kira ni.

"Gwaggo, an karanta."

"Su wa ke wajen?"

"Jama'a da yawa. Amma waɗanda suka san zancen saura uku. Ɗaya ba ya ji, sai da aka maimaita masa a kunne. Ɗaya ya ce shi dama bai taɓa cewa komai ba. Na ukun ya tashi ya tafi gida, da yamma ya aiko a nuna masa kabarin Baba. Matasa kuwa tambaya suke wane hatsi ne wannan."

Na ce, "To alhamdu lillahi. Ko bayan rai ne, an wanke shi."

Ya sassauta murya. Irin muryar ubansa.

"Gwaggo, akwai abin da zan gaya miki, ban sani ba ko ya kamata."

"Faɗi. Na wuce a ɓoye mini abu."

Ya ce a shekarar, tun kafin kaset ɗina ya iso, wani malamin gona ya zo duba kanal ya ga gonar. Ya tsuguna ya tuge gindi ɗaya, ya tambayi ragowar irin, aka nuna masa. Ya ce wannan hatsin ƙasar sanyi ne, ba zai yi kai a nan ba ko shekara za a yi ana ba shi ruwa, kuma duk wanda ya ce daga Madina ya ɗauko shi bai faɗi gaskiya ba. Su biyu ne a wajen, shi da babansa.

Na ce, "Ya sani?"

"Ya sani."

"To me ya hana shi faɗa? Ya tsaya ana cin namansa shekara goma sha ɗaya? Me ya sa ya ci gaba da ban ruwan?"

"Na tambaye shi, Gwaggo. Na ce Baba mu je zaure mu kai malamin gonar ya faɗa da bakinsa. Ya ce in na kuskura ba shi ba ni. Ya ce in ya daina ban ruwa za a tambaye shi dalili, shi kuma ba zai yi ƙarya ba, ba zai kuma tsaya gaban mutane ya ƙaryata yayarsa tana ƙasar wasu ba. Ya ce, ku bar ta, ita za ta faɗa da kanta in ta samu sarari."

Na ce ya sake faɗa mini na ƙarshen. Ya sake.

Ya tambaye ni ko ina nan, na ce ina nan. Ya ce a gaida mutan gida, na ce za su ji.